Baffa da Dokokin Ranar Alhamis

Ranar Talata da hantsi Baffa ya rasu a asibiti. Bayan La'asar aka yi masa salla, muka kai shi maƙabartar Al-Ud. Ba mu kai mutum arba'in ba. A ƙasar nan ba a jan lokaci da gawa, ba a kuma sa wa kabari suna. Duwatsu biyu aka dasa, ɗaya wajen kai ɗaya wajen ƙafa, iri ɗaya da na dubban kaburburan da ke kewaye. Kafin in kai bakin ƙofa na waiwaya sau biyu, a karo na biyu ban iya tantance nasa ba. Dalilin wannan rubutu ke nan.

A gidana na unguwar Utaiƙa aka yi zaman makoki, don Baffa ba shi da gida a Riyad, sai ɗaki ɗaya a jikin barga. Wanda ya fara zuwa abokin aikinsa ne, wani ɗan Bangaladesh mai yankan ciyawar dawaki. Shekara tara suna tare, ba wanda ya iya yaren wani, sai Larabcin kasuwa. Ya zauna a bakin ƙofa ya ƙi shigowa, ya ƙi shayi, yana ta maimaita cewa Baba mafi, Baba babu. Wani Basudane ya zo da ɗansa makaho, yaron ya gaisa da kowa hannu da hannu, sannan ya tambayi uban wa zai riƙa gaya masa idan doki zai juya. Ɗaliban jami'a na Nijeriya da Nijar suka zo a mota ɗaya, suka sauke Alƙur'ani. A rana ta biyu mai gonar da Baffa ke aiki ya zo da kansa, wato kafilinsa, wanda iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, ke hannunsa. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa tare da mu. Ya ce shekara goma sha huɗu tsohon yana gonarsa, bai taɓa yin gardama da shi ya ci ba.

Ni na buga wa Gwaggo waya, matarsa da ke Zariya. Sai da aka kira ta daga gida zuwa shagon maƙwabci mai tarho. Ba ta yi kuka a kunnena ba. Ta yi salati, ta tambayi ko an samu jama'a, na ce an samu. Sai ta ce, "Shekara huɗu ke nan ina share ɗakinsa, ina jiran ya zo hutu." Layin ya yanke, ko kuma ita ta ajiye, ban sani ba.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Tun yana saurayi yake aikin dawaki a filin folo na Kaduna, yana wanke su, yana ɗaura sirdi, yana duba kofato. Wani attajirin Riyad ya zo sayen dawaki ya gan shi, ya ɗauko shi. Lokacin da aka turo ni ofishin jakadanci a matsayin akawu, shekarar da aka gama yaƙin Kuwait, na tarar ya riga ya tsufa a nan. Dogo ne, siriri, ya ɗan ranƙwafa, ba ya rabo da goro ko da kuwa busasshe ne da ake samu a unguwar Manfuha ranar Juma'a. Ba ya ɗaga murya. Yakan ce wanda ya saba magana da doki ba ya ihu, don doki ba kurma ba ne.

Gonar tana kudu da gari, tafiyar kusan awa ɗaya. Dabino ne da ciyawa da dawaki shida. Mai gonar yana da ɗa wanda jikinsa ya shanye tun haihuwa. Wata rana Baffa ya ɗora yaron a kan wata tsohuwar goɗiya, ya zagaya da shi a hankali, yaron da bai taɓa zama shi kaɗai ba ya ɗan miƙe bayansa. Labari ya bazu a wajen gashin ƙashi na asibiti, iyaye suka fara roƙo. Mai gonar ya ce a buɗe kowace Alhamis, kyauta, sadaka ce. Yara sukan kai goma sha biyar: guragu, makafi, waɗanda ba sa magana, 'ya'yan Larabawa da Sudanawa da namu. Masu taimako kuwa duk sa-kai ne, ɗalibai da 'yan ofishinmu, da wasu mata biyu ma'aikatan jinya.

Dokokin ranar Alhamis Baffa ne ya kafa su, ɗaya bayan ɗaya, kowace kuma akwai abin da ya haife ta. Daga baya wani ɗalibi ya rubuta su da Larabci da Hausa a jikin kwali, aka kafe a ƙofar barga, amma Baffa bai iya karatun boko ba, a kansa suke. Yaro ba ya hawa sai da hular kwano. Ba ya hawa sai da mutum uku, ɗaya riƙe da ragama, biyu a gefe hannuwansu a cinyar yaron. Ba ya hawa sai uwa ko uba na tsaye a bakin shinge. Kafin duk wannan kuma sai an kawo takardar likita, wani ya karanta masa ita a bayyane.

Na ga ranar da wani babban mutum ya ce a cire wa ɗansa hula minti ɗaya a ɗauki hoto. Baffa ya ce to, ya sauko da yaron, ya cire masa hular, ya ce ga shi nan a ƙasa, a ɗauka. Mutumin ya yi ta faɗa, yana ambaton waɗanda ya sani. Baffa ya juya ya ci gaba da taje gezar goɗiya. Na kuma ga ranar da ya mayar da wani maigidana na ofis mota saboda ya zo da silifas. Ya ce masa, "Ranka ya daɗe, kofato bai san muƙami ba." Mutumin ya yi wata biyu yana ba ni labarin rashin kunyar baffana, sannan ya sayi takalmi sau-ciki ya dawo.

Mutane sun ɗauka yaran kaɗai yake karewa. Ba haka ba ne. Mai azumin nafila ba ya tafiya gefen doki a lokacin zafi. Wanda ya kwana bai yi barci ba saboda jarrabawa, shara zai yi. Wanda iƙamarsa ta ƙare ba ya taɓa yaro sam, sai dai ya ɗebo ruwa. Dokar da ya fi tsanantawa kuwa ita ce ba a barin babba shi kaɗai da yaro, ko da kai shi ban-ɗaki ne. A shekarun farko akwai wani ɗan Cadi, mutumin kirki, ya kai wani yaro bayan barga ya kama ruwa. Da aka koma gida uwar ta ga shatar jini a cinyar yaron. Yaron ba ya magana. 'Yan sanda suka zo, aka tafi da ɗan Cadin, ya yi wata uku a tsare sannan aka mayar da shi ƙasarsu da kayan jikinsa. Daga baya aka gane ƙarfen keken yaron ne ke goga masa. Ba wanda ya je Cadi ya ba da haƙuri. Duk sabon mai taimako sai Baffa ya zaunar da shi ya ba shi wannan labari, ya rufe da cewa, "Yaron nan ba shi da bakin faɗin abin da aka yi masa. Kai ma a ƙasar nan ba ka da bakin faɗin abin da ba ka yi ba. Ku zama uku."

Ya taɓa korar wani ɗalibi da ya mari cinyar yaro don ya ƙi sakin geza. Ɗalibin ya ce ko a makarantar allo haka aka yi mana. Baffa ya karɓi ragamar daga hannunsa, ya raka shi har bakin titi, ya tsaya tare da shi cikin rana sai da ya samu mota. Bai sake barinsa ya shiga shinge ba, amma duk Juma'a yakan aika masa da dabinon gona.

Yanzu sai in zo kan abin da ya fi yi mini nauyi.

'Yata ta fari ta zo duniya ƙafafunta a sanƙare, wuyanta bai tsaya ba sai da ta shekara uku. Sunan kakata ta ci, mahaifiyar Baffa, shi ya sa yake ce mata Innata. Tana da shekara shida muka fara kai ta gonar. Ban da ƙafafun, tana da farfaɗiya. Ba kullum take tashi ba, sai a yi wata biyu ko uku lafiya, kuma tana shan magani. Amma na riga na ji Baffa ya hana wani yaro mai farfaɗiya hawa har sai da likitansa ya yi bayani, likitan kuma ya ce a'a. Na ga yadda yarinyar ke miƙa hannu tana dariya duk lokacin da ta ji haniniya. A mota na ce wa uwarta kada ta ce komai. Ta ce wannan ba daidai ba ne. Na ce ni ne ubanta.

Ranar farko Baffa ya durƙusa a gaban kekenta, ya taɓa gwiwoyinta, ya ɗago ya tambaye ni ko tana da wani ciwo ban da ƙafafun. Na ce babu. Ya tambayi takardar likita, na ce mako mai zuwa. Ya dube ta, tana ta ƙoƙarin kama gemunsa. Ya ce to, mako mai zuwa. Ban kawo ba, shi kuma bai sake tambaya ba. A iya sanina ita kaɗai ce ta taɓa hawa dokin gonar nan ba takarda.

Wata bakwai muka yi cikin daɗi. Bayanta ya yi ƙarfi, ta fara zama a tabarma ba a tokare ta da matashi ba. Kalmar farko da ta fito daga bakinta sosai bayan Mama ita ce Kili, sunan da Baffa ke kiran farar goɗiyar.

Ranar da abin ya faru, da safe ne, rana ba ta yi zafi ba tukuna. Baffa na riƙe da ragama. A gefen hagu akwai ɗaya daga cikin ma'aikatan jinyar, a dama kuma wani ɗalibi daga Maraɗi, magidanci mai 'ya'ya biyu a gida, yana shekarar ƙarshe a karatun Shari'a. Shi ne ma ya rubuta dokokin a kwali, don hannunsa ya fi na kowa kyau. Ina bakin shinge na ga kanta ya koma baya, jikinta ya sandare, dunduniyarta ta caki cikin goɗiyar. Goɗiyar ta zabura gefe. Yarinyar ta sulmiyo ta dama, ɗalibin ya tare ta da ƙirjinsa, suka faɗi tare, shi a ƙasa ita a kansa. Hannunsa na dama ya dafa ƙasa, kofaton baya ya sauka a kai. Na ji ƙarar daga inda nake tsaye. Bai saki yarinyar ba sai da ma'aikaciyar jinyar ta karɓe ta. Ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Uwarta ce ta faɗi gaskiya, tana kuka tana cewa ai ta sha maganinta da safe. Baffa ya ji. Bai dube ni ba. Ya ɗaure goɗiyar a turke, ya yage rawaninsa ya naɗe hannun ɗalibin, muka tafi asibiti.

Washegari mai gonar ya kira mu majalisinsa, ɗakin da yake karɓar baƙi. Ransa a ɓace yake ƙwarai, don asibiti sun yi tambayoyi, kuma a gonarsa abin ya faru. Ya ce yana so ya san laifin wane ne. Ina tsaye a gefen Baffa. Baffa ya ce laifinsa ne, bai karɓi takardar likita ba saboda jikarsa ce. Bai ce an tambaye ni na ce babu ba. Mai gonar ya juyo ya dube ni, ya ce haka ne? Na sunkuyar da kai. Ya ɗauka eh nake nufi.

Ya rufe hawan Alhamis wata biyu. Ya kuma ce Baffa ba zai je hutun gida ba a wannan shekarar, bizar fita da dawowa da ya yi alkawarin sa wa hannu ya fasa. Baffa ya riga ya sayi atamfofi da turare, ya ɗaure akwati. Shekara biyu rabonsa da gida a lokacin. Shekarar da ta biyo baya ciwon ƙoda ya kama shi, aka fara yi masa wankin jini sau biyu a mako, tafiya ta gagara. Akwatin ya zauna a ɗaure a ƙarƙashin gadonsa, ni na ɗauko shi makon jiya.

Da aka sake buɗewa, na ɗauki yarinyar na kai ta kamar ba abin da ya faru. Baffa ya tare mu a ƙofar shinge ya ce ba za ta hau ba sai da takarda. Kunya ce ke cina, amma a fushi ta fito. Na ce masa jininsa ce, na ce ya ga yadda take samun sauƙi, na ce ko so yake ta koma yadda take. Na faɗi maganganun da ɗa ba ya faɗa wa ƙanin ubansa, a gaban mutane. Yarinyar na ta kiran Kili. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Na so ta fiye da doka sau ɗaya, ga hannun bawan Allah can a filasta. Ba zan ƙara ba." Ya durƙusa ya ce mata Innata yi haƙuri, ya tashi ya shiga barga.

Wata biyar ban taka gonar ba, ban kuma gaishe shi ba ko a masallacin Manfuha. Uwar yarinyar ce ta gyara abin da na ɓata. Ta roƙi matar maƙwabcinmu da direbansu suka kai ta wajen likita, ta karɓo takarda mai shafi biyu. Likitan ya yarda ta hau, amma da safe kawai, bayan ta sha magani, ba ranar da ta yi zazzaɓi ba, kuma a ƙara mutum ɗaya a bayanta. Baffa ya sa aka karanta masa sau biyu. Daga ranar ya daina riƙe mata ragama, ya koma gefen dama, wurin da ɗalibin ya tsaya. Ko bayan ciwo ya ci ƙarfinsa, ƙafafunsa sun kumbura, zagayenta kaɗai yake tashi ya yi, sauran yana zaune a kujera yana kallo yana gyara wa mutane tsayuwa. Ni da shi muka koma gaisuwa. Maganar ba mu taɓa tayar da ita ba.

Ɗalibin kuwa an yi masa aiki sau biyu. Yatsu uku ba su sake lanƙwasuwa ba. Ya rasa jarrabawar shekarar, ya maimaita aji, ya koyi rubutu da hagu kamar ɗan yaro. Na kai masa kayan dubiya, na biya masa mota sau da yawa, amma ban taɓa zama na gaya masa abin da na yi ba. Na san ya ji abin da uwar yarinyar ta faɗa ranar. Na bar shi a haka.

Kwana biyu kafin rasuwar Baffa na je asibiti bayan Azahar. Ya rame har zoben azurfarsa na yawo a yatsa. Na zauna, na ce Baffa ina neman gafara. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya ce in saurara tukuna kada ya manta. Ya ce idon Kili na hagu ya fara dushewa, kada a bari kowa ya tunkare ta ta wannan gefen ba magana. Ya ce ɗan Basudanen nan makaho a riƙa taɓa masa gwiwa kafin a juya. Ya ce majayin ƙaramin sirdi ya kusa tsinkewa, a canza shi kafin Alhamis. Na rubuta a bayan takardar magani. Da ya gama ya rufe ido, na ɗauka barci ya yi. Sai ya ce tsakanina da shi ba komai, ɗa ba ya laifi wajen uba har a kai Lahira, amma akwai wanda hannunsa ya tafi, shi zan nema.

Ɗalibin na cikin waɗanda suka yi wa Baffa wanka. Ranar addu'ar uku, da jama'a suka fara watsewa, na bi shi har matakala. Na ce Malam, ina da magana. Na gaya masa komai, tun daga abin da na ce wa uwar yarinyar a mota. Ya saurara yana kallon ƙasa, hannun nan a cikin aljihun jallabiya.

Ya ce, "Alhaji, hannu na yafe tun ina gadon asibiti. Da za a sake, zan sake tare ta. Abin da ya tsaya mini shi ne ranar majalisi. An ce kana tsaye tsoho ya ɗauki laifin shi kaɗai, aka hana shi zuwa gida. Wannan ba nawa ba ne balle in yafe."

Ya ba ni hannun hagu muka gaisa, ya sauka.

Ranar Alhamis ta makon da ya biyo baya na tafi gonar ni kaɗai. Ba a yi hawa ba, dawakin na turke, ɗan Bangaladesh na zuba musu ciyawa. Na ba shi saƙon majayi da na idon Kili da hannu da guntun Larabci har ya gane. Sannan na shiga majalisi na sami mai gonar, na gaya masa cewa Baffa ya tambaye ni, ni na yi ƙarya, kuma ranar da ya dube ni ya ce haka ne, na san ba haka ba ne. Ya ajiye kofin gahawarsa. Ya ce shi ya hana tsohon ganin iyalinsa, kuma da ya sani da bai hana ba. Sannan ya ce, "Ni ka gaya wa. Matarsa fa?"

Jibi akwatin zai tafi Zariya ta hannun wani abokin aikina mai zuwa hutu. Na ce masa ya dakata mini da wasiƙa. Na fara ta sau huɗu, har yanzu ban wuce gaisuwa ba.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yalwata masa inda ya kwanta. Yadda ya tsaya a gefen 'ya'yan mutane don kada su faɗi, Allah Ya tsaya masa ranar da ƙafafu ke zamewa. Allah Ya ba Gwaggo haƙurin abin da ta sani, da na abin da za ta karanta.